Tsohon doki sai mai shi: ga masu sha'awar sayen tsohon jirgi mai farfela biyu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ya aiki ya hakuri da mu. Ina rokon ka sammin dan fili, kuma tun yanzu ina neman afuwa don na san wasikar zata yi tsawo, tsoho in ya samu mai sauraro sai a hankali, ga shi da yatsa daya nake bugawa a waya, in kun ga kuskure ku gyara min.

Ni tsohon makaniken jirgin sama ne, haifaffen Jos, na yi ritaya na dawo gida tuntuni. Abin da ya sa na dauko waya shine, kwanakin baya wani dan abokina, mahaifinsa Allah ya jikansa tare muka yi makarantar allo, yanzu yaron yana Abuja Allah ya buda masa sosai, ya turo min bidiyo ta WhatsApp wajen sha daya na dare. Na bude sai ga wani jirgi fari kal yana sheki kamar sabon tire, farfela biyu, wutsiya biyu, hanci a sama gindi a kasa, ana tada shi hayaki na tashi. Kafin in gama kallo ya kira. Yace Baba ka gani? nace na gani Alhaji. Yace na sayarwa ne a Amurka kuma kudin da suka sa bai kai na motoci biyu daga cikin na gidana ba, ni fa ya shiga raina, ina so in kawo shi Abuja, ranar Asabar in kwashi yara mu zo Jos mu sha iska mu koma, me ka gani? Wallahi Malam Edita sai da na ajiye wayar na yi dariya ni kadai har Hajiya ta leko ko lafiya. Ba dariyar raini ba, dariyar wanda ya hadu da tsohon masoyi a kasuwa ce. Nace masa ka bari sai da safe, wannan ba maganar dare bace. To abin da na fada masa washegari da wanda ban samu fada ba su na tara a nan, don na lura ba shi kadai bane, yaran yanzu masu hali suna ganin irin wadannan a intanet ransu na biyawa.

Jirgin da ya turo Beech 18 ne. Kamfanin Beechcraft na garin Wichita a jihar Kansas ne ya kera shi, ya fara tashi a watan Janairun 1937, aka yi ta kera shi sama da shekara talatin ba tsayawa, fiye da guda 9,000, a yakin duniya na biyu sojan Amurka sun yi ta koyar da matuka da masu duba hanya a cikinsa. Baya daukan mutane da yawa, shida zuwa goma haka ya danganta da yadda aka jera kujeru. Babban yayansa a wannan dangi shine DC-3 wanda mu nan muka sani da Dakota, shi ya fara tashi a Disambar 1935. Duk wanda ya kai shekaruna a garin nan ya san kukan Dakota ko da bai san sunansa ba. Muna yara in muka ji wannan gurnanin daga nesa, wani irin kugi mai kauri da kake jinsa a kirji kafin kunne, sai mu bar duk abin da muke yi mu zuba da gudu wajen tsohon filin jirgi, wanda yanzu sunan kawai ya rage a bakin 'yan keke, Old Airport, tunda filin ya koma Heipang. Mu tsaya bayan wayar shinge muna kallon turawan kuza da manyan ma'aikata suna saukowa, iskar farfela tana watsa mana kura muna murna kamar an raba mana alawa. Kamfanin jiragen sama na WAAC da aka kafa a 1946 na hadin gwiwar Najeriya da Gold Coast da Saliyo da Gambiya shi ya rika jigilar fasinja, daga baya Nigeria Airways ta gaje shi a 1958, kuma Dakota ya yi musu bauta kafin Fokker F27 ta zo ta ture shi. A bayan wayar nan na kamu da ciwon da ya zama sana'ata, babana yana so in zama malamin makaranta, Allah bai nufa ba.

Bari in dan yi bayanin injin don a nan maganar take. Mu a wajen aiki radiyal muke ce masa. Injin mota silinda a jere suke kamar sahun sallah, shi kuwa wannan a zagaye suke kamar mutane sun kewaye tire daya suna cin tuwo, kiranshaf na tsakiya. Na Beech 18 kirar Pratt & Whitney ne, R-985, silinda tara, karfin doki 450 kowanne. Na Dakota da na fi sani R-1830 ne, silinda goma sha hudu, da'ira biyu bakwai bakwai, karfin doki 1,200. Ba radiyeta ba ruwa, iska ce kadai ke sanyaya shi, shi ya sa kowace silinda take da zara-zaran karfe a jiki kamar matsefi. Kuma in ka kirga a kowace da'ira zaka samu mara ne kullum, bakwai ko tara, saboda yadda wuta ke kamawa tana tsallake daya, 1, 3, 5, 7, 9 sannan 2, 4, 6, 8 ta sake dawowa kan 1, da adadin cika ne lissafin bazai zagayo daidai ba. Wannan tsallaken da fadin silindar su ke ba shi muryar da Alhaji ya ji a bidiyo ta hana shi barci. Kowace silinda fulogi biyu, maganeto biyu, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, kowanne da nasa layin, don in daya ya mutu a sama dayan ya rike. Kenan a Beech 18 fulogi 36 ne ke jiranka, kuma na kasa su suka fi cin rai don kullum cikin maiko suke.

To tunda silinda a zagaye suke dole wasu kansu na kasa. In jirgi ya kwana bakin mai sai ya rika tsiyaya a hankali ta gefen ringi yana taruwa a cikin na kasan, ta biyar da ta shida. Mai kuwa ba iska bane, baya matsuwa. In ka tada inji fistin ya zo ya tarar da mai cike a gabansa to wani abu sai ya ba da kai, ko kwanrod, sandar da ta hada fistin da kiranshaf, ya lankwashe ko kan silinda ya tsage. Mafi muni shine ya lankwashe kadan baka sani ba, inji ya tashi lafiya lau, sai an yi awanni ana sama ya karye. Saboda haka kullum da safe kafin komai sai an tabbatar maganeto a kashe yake, sannan a kama farfela da hannu a juya ta a hankali ana kirgawa ana saurare da tafin hannu.

Ban manta wata safiya ba, ina da kamar shekara biyu a aiki, wani karamin kamfanin haya nake lokacin, muna da Beech 18 guda daya da ya yi kwana goma a ajiye ana jiran wani karfe. Ranar da aka gama fasinjoji sun zo tun asuba suna ta duba agogo, manaja na ta zarya, aka ce in je in juya farfela. Na hagu ya wuce lafiya. Na dama na juya daya, biyu, uku, a na hudu sai ta tsaya min cak kamar na tura bango. Ni da karamin sani sai nace ai karfin kwamfireshan ne, na sa kafada, taki. Sai dabara ta zo min, bari in mayar da ita baya in sake zuwa. Hannuna na kan farfela kenan na ji an doke min shi da sifana, ba da wasa ba, har yau in sanyin Jos ya yi tsanani wajen na min tsami. Maigidana ne, wani dattijo mara yawan magana da ya koyi aikin tun zamanin yaki. Yace kai yaro, in ka mayar da ita baya ina man zai tafi? Na yi shiru. Yace bututun shan iska zai koma ya labe, kai ka ga farfela ta sake ka dauka ka yi gwaninta, ana tada inji ya zuko shi gaba daya. Dauko gwangwani. Ya sa ni na kwanta a kasa na kwance fulogin kasa da hannuna, wallahi mai ya zubo baki wuluk har ya cika gwangwanin madara ya malalo min a hannun riga zuwa hammata. Manaja ya zo zai yi magana, dattijon nan ko kallonsa bai yi ba, yace wanda ke sauri ga tasha can akwai mota. Muka wanke fulogi muka mayar muka sake juyawa, sannan aka tada. Ranar ban iya cin abincin rana ba don na kirga mutum bakwai da suka hau jirgin nan, da matuki takwas.

Tada shi kansa wani biki ne. Mutum daya na tsaye a gefe da tukunyar kashe gobara, matuki ya dan ba shi fetur ya jika makogwaro, sitata ta fara kuka farfela na juyawa a kasalance, sai ka ji tari daya, shiru, tari biyu, sai hayaki fari da shudi ya turnuke kamar an sa danyen itace a murhu, silinda suna kamawa daya bayan daya kamar 'yan makaranta masu makara har su hadu su daidaita. Idon matuki na kan agogon karfin mai, in cikin rabin minti bai motsa ba a kashe. Sannan a zauna jiran mai ya yi dumi, a sanyin Disamba na Jos kuwa zaka jira har ka gaji. Nace wa Alhaji wannan ba Prado bace da zaka danna maballi kana waya ka fita get.

Maganar yoyo kuma, kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Radiyal yana shan bakin mai yana zubarwa yana fesawa a jikin fiffike, galan-galan ake zuba masa ba lita ba, kasan kowane inji sai an ajiye faranti. Mu a da in muka zo da safe muka ga kasa a bushe tsaf gabanmu faduwa yake, sai mu ce ko tankin ya kare ne. Farar shadda da wannan jirgi basa zama inuwa daya.

Sai babbar magana, abincinsa. Mutane na dauka man jirgi daya ne, a'a. Jiragen da kuke hawa daga Abuja zuwa Legas Jet A1 suke sha, dangin kananzir ne, shi ke ko'ina a filayenmu. Wannan kuwa fetur yake sha na musamman, abgas, wanda ake kira 100LL, shudi ne kuma akwai dalma a cikinsa. In aka yi kuskure aka dura masa kananzir zai tashi ya yi gudu a titi har ya daga, sai yana tsakiyar hawa injin biyu su kone a tare. Abgas a kasar nan kuwa neman sa ake kamar ruwa a jallo, a duro ake shigo da shi da dala, kai ko kwalejin koyon tukin jirgi ta Zariya da gwamnati ta kafa tun 1964 sai da ta koma sayen kananan jirage kirar Diamond masu shan Jet A1, kuma tsadar abgas da wahalar samunsa na cikin dalilan. To in gwamnati ta ji a jikinta ina ga mutum daya. Beech 18 a awa guda yana shanye galan arba'in zuwa hamsin, ka ce lita 170 haka, Dakota ya ninka wannan. Kuma ba a Abuja kadai zaka tanada ba, duk inda zaka sauka sai duro ya riga ka zuwa a mota, a ajiye shi a inuwa, a tace, a duba ruwa a gindinsa. Alhaji yace Baba to fetur din gidan mai fa, na karanta wai injin baya bukatar mai karfi sosai. Nace gaskiya ne an kera shi ne tun lokacin da fetur bai kai na yanzu karfi ba, kuma a can akwai masu samun izini na musamman su sa na mota, amma ka tuna farkon 2022 da aka shigo da gurbataccen fetur motoci suka yi ta mutuwa a titi? Mota in ta mutu ka gangara gefe ka kira makanike. A saman duwatsun Shere wane gefe zaka gangara? Ya yi dariya yace Baba ka fiya tsoratarwa. Akwai wani kamfani Basler a garin Oshkosh na Amurka da ke cire wa Dakota tsofaffin injinan ya sa masa na zamani masu shan kananzir, an huta da neman abgas, amma kudin ba na wasa bane kuma muryar ta tafi, alhali muryar ce ta kawo mu.

Kar in manta da cinikin biri a sama. Fenti ba komai bane, da kudi kadan ake wanke jirgi ya yi sheki a hoto. Beech 18 yana da wani ciwo da duk wanda ya san shi ya sani, kashin bayan da ya rike fikafikan bututun karfe ne da aka yi wa walda, yana tsatsa ta ciki yana tsagewa inda ido baya gani, an yi asarar rayuka a kan haka har hukumar jiragen Amurka a shekarun 1970 ta wajabta a rika daukarsa hoton eksire lokaci-lokaci kuma a daura masa wani karfen kari ta kasa. In mai sayarwa bai nuna maka takardar hoton karshe ba ka rike kudinka. Sannan littattafan jirgin, na jiki daban na kowane inji daban na kowace farfela daban, awa nawa suka yi tun obahol na karshe, don in inji ya haura awa dubu da 'yan kai sai an sauke shi an tura can waje an warware shi gaba daya, kuma R-985 tun 1953 aka daina kera sabo, duk abin da zaka samu tsoho ne aka gyara. Sau da yawa arahar da ka gani a talla ma'anarta obahol biyu sun kusa, mai shi yana neman wanda zai dauki nauyin. Araha bata ado. Wani abin da zai ba mutane mamaki, sassan da ke motsi a wutsiya da gefen fiffike kyalle ne aka ja aka shafe da wani irin fenti, ba karfe ba, to ka ajiye wannan a ranar Abuja da ruwan Agusta ba rumfa ka gani. Ga kurar hunturu da ke shiga ko'ina tana cin silinda kamar sanfefa. Kawo shi ma aiki ne, ko a kwance fikafikai a sa a jirgin ruwa, ko a biya kwararre ya tuko shi ta Kanada da Girinlan da Aislan da Sikotlan sannan ya gangaro, ana lissafin inda za a samu abgas zango-zango.

Duk wannan kudi na maganinsa, kuma yaron yana da su. Inda na tsaya masa shine wa zai tuka, wa zai rike. Jiragen yanzu tayarsu ta uku a hanci take, suna sauka suna mikewa da kansu. Wannan tasa a wutsiya take, nauyin jirgin na bayan manyan tayu, kwatanta mutum ya sa keke napep a ribas ya taka da gudu, kadan ka yi sakaci gindi ya zagayo gaba. Haka Beech 18 yake a kasa, musamman in iska na bugowa ta gefe, kafafun matuki basa hutawa har sai an kashe inji, kuma in yana tafiya a kasa hancin ya tare masa gaba sai yana karkacewa hagu da dama yana leke. Matuka da yawa masu dubban awanni a manyan jirage ya kunyata su a kan titi rana tsaka. Inji biyu kuma da Alhaji ke ganin kwanciyar hankali ne, eh haka ne a hannun wanda ya iya. In daya ya mutu ana cikin tashi mai ran zai fizgi hancin ya juya shi bangaren mataccen, cikin 'yan dakikoki sai matuki ya taka feda ya rike shi, ya gane wanne ne ya mutu kar ya je ya kashe mai lafiyar, ya juya ruwan farfelar su tsaya kamar wuka a iska don kar su rika ja baya, ya dauke taya, duk da hannu, ba kwamfutar da zata taya shi. Ga filinmu na Heipang ya haura kafa 4,000 daga teku, iska ta fi sirara, in aka hada da zafin Maris da cikar kaya to inji daya da kyar zai rike ka, hawa kam sai addu'a. Yaranmu da ke fitowa daga Zariya da Ilori masu kokari ne ban raina su ba, amma ba a koya musu wannan ba don ba jirgin da za a koya musu da shi, kuma 'yan inshora zasu tambaya awa nawa matukinka ya yi a irin wannan jirgin takamaimai.

Hukuma ma tana nan, sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta yarda ta ba shi lambar rajistar kasar nan mai farawa da 5N da takardar lafiya, kuma tun bayan jirgin da ya taso daga nan Jos ya yada zango a Kano ya fada unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayun 2002, gwamnati ta daura damarar yaki da tsofaffin jirage har aka sa ka'idar kar jirgin haya ya haura shekara 22 da kerawa. Na kashin kai hukuncinsa daban, amma ka shirya amsa tambayoyi, kuma injiniyan da zai sa hannu a littafi dole lasisinsa ya kunshi wannan injin. A nan ne na ce masa Alhaji kirga min su. Ni da na sani, wadanda muka yi aikin radiyal tare, mafi yawa sun riga mu gidan gaskiya, saura muna fama da hawan jini da ciwon gwiwa, idona ma yanzu bazan yarda da shi a kan zaren noti ba.

Abin da ke ci min rai kenan Malam Edita, ya fi maganar yaron nan. Jirgi ya fara sauka a Kano tun Nuwambar 1925, a yakin duniya na biyu dubban jirage sun bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Masar, mun yi Dakota mun yi komai, yau ina ko daya da zaka kai jikanka ya taba? Na ga da idona a wani filin jirgi da bazan ambata ba, an sa wa gawar Dakota wuta ana yanka ta gunduwa-gunduwa aka loda wa 'yan gwangwan, watakila tukunyar da aka dafa shinkafar bikin wani da fiffikensa aka zuba ta. Na roki a bar min ko silinda daya aka ce an riga an auna a sikeli. Alhali a Kolombiya har shekarun nan Dakota na tashi daga Villavicencio yana kai kaya kauyukan daji, a arewacin Kanada haka, a 2019 tsofaffin Dakota suka taru a Ingila suka tsallaka Nomandi ta Faransa don cika shekara 75 da saukar sojan kawance a can lokacin yakin duniya na biyu, kuma duk watan Yuli a Oshkosh masu irin wadannan jirage ke haduwa. Wadancan mutanen ba wai sun fi attajiranmu kudi bane, da yawa kungiya ce, wani ya kawo kudi wani ya kawo hannu, tsoho na kwance fulogi yaro na rike masa fitila. A gidan tarihi na Jos da aka bude 1952 an ajiye kawunan jirgin kasa na layin Bauchi Light da ya daina aiki a 1957, ko ba komai yaro zai gani ya tambaya, a Umuahia ma akwai jiragen yakin basasa. Na sama na farar hula kuwa mun cinye.

Don haka ban ce masa kar ya saya ba, ni da zan fi kowa murna in sake jin kugin nan a saman Jos kafin in mutu. Cewa na yi ya juya lissafin. Kudin da zai fara kashewa ya dauki yara biyu masu natsuwa, daya matuki daya makanike, ya tura su inda ake wannan aiki su yi shekara ko biyu suna shan maiko, ya nemi rumfa, ya san ta inda duron abgas zai rika zuwa, ya nemi abokai uku ko hudu su hada karfi don aljihu daya gajiya yake, sannan ya tura wanda ya san jirgin ya je ya duba da fitila da madubi, ba dillali ba. Kuma yara da Hajiyarsa kar su hau sai matukin ya yi awanni masu yawa shi kadai. Yace Baba wannan ai shekara uku kenan. Nace jirgin ya jira shekara saba'in, uku bazata dame shi ba.

Ya yi shiru kusan sati uku har na dauka ya yi fushi ko ya koma kan maganar dawakin folo. Shekaranjiya sai ga kiransa, yace Baba ana sayar da injin kadai wanda awanninsa suka kare, ba na tashi ba? Nace ana sayarwa mana, kuma bai kai kudin taya hudu da gyaran Prado dinka ba in ka yi sa'a. Yace in na kawo a kafa shi a kan karfe a nan Jos zaka iya tada shi yara su gani? Malam Edita ban san lokacin da na mike tsaye ba. Nace kawo, amma ka hado da littafin gyaransa da fulogi da duro daya, kuma ka ba ni yara hudu masu kunne.

Shi ya sa nake roko ta wannan jarida, duk wanda ya taba aiki a kan Dakota ko Beech 18 ko wani radiyal, a Kano yake ko Kaduna ko Legas ko Maiduguri, ko dansa da ya gaji littattafai da kayan aikinsa suna jibge a daki, ko wanda ya san inda wata gawar jirgi take kwance a ciyawa ba a kai ga yanka ta ba, ya rubuto wa Edita, ni ina karanta wannan shafi duk mako. Akwatin kayan aikina na nan karkashin gado, Hajiya ta sha cewa in ba 'yan gwangwan su ba mu robar wanki, jiya na jawo shi na bude, sifanar fulogi na nan, filayar murda waya ce kawai ta dan yi tsatsa na jika ta a kananzir.

Na gode da wannan fili, Allah ya kara wa jarida daukaka.

Naku,
Tsohon makaniken jirgi, daga Jos